Shuɗin Malam-buɗe-littafi: Daga Gonar Waken Maska Zuwa Tsaunin Mambila

Daga watan Satumba zuwa Oktoba, lokacin da wake ke fure a gonakin Maska, duk wanda ya shiga gona da hantsi bayan raɓa ta bushe zai ga wasu 'yan mitsi-mitsin halittu suna shawagi ƙasa-ƙasa a tsakanin ganye. Suna da sauri, ba sa tafiya miƙe, kuma idan hasken rana ya dake su sai ka ga wani shuɗi ya wulga ya ɓace. Da zarar ɗaya ya sauka a kan fure ya haɗe fukafukansa, shuɗin ya tafi ke nan, sai launin ƙasa-ƙasa mai ratsin fari. Idan ba ka ga saukarsa ba, da wuya ka gane yana wurin.

Malam-buɗe-littafi ne, amma ƙarami, wanda faɗinsa duka bai wuce gaɓa ɗaya da rabi ta yatsa ba. Mafi yawanmu mun fi kula da manyan nan masu ruwan ɗorawa da baƙi da ke zagaya bishiyar lemo. Wannan ƙaramin kuwa muna wuce shi kullum a hanyar makaranta, a bakin fadama, har ma a filin ƙwallo, ba tare da mun tambayi sunansa ba. Ga shi kuwa rayuwarsa a ɗaure take da abubuwa uku da kowane ɗan manomi ya sani: wake, tururuwa da maganin feshi. Danginsa da ke can saman tsaunuka, su ma rayuwarsu a ɗaure take da irin wannan igiya, sai dai tasu ta fi siriri, ta fi saurin tsinkewa.

Ku san shi tukuna

Masana sun ƙidaya nau'o'in malam-buɗe-littafi kimanin 18,000 a duniya, suka karkasa su gida-gida. Gidan da 'yan shuɗayen nan suke shi ake kira Lycaenidae, kuma yana da nau'o'i wajen 6,000. Ke nan kusan kashi ɗaya cikin uku na duk wani malam-buɗe-littafi a duniya ɗan wannan gida ne.

A gonakinmu na ƙasar Hausa, akwai uku da suka fi sauƙin gani. Na farko shi ne wanda masana ke kira Lampides boeticus. Mu kira shi shuɗin wake. Idan ya buɗe fukafukansa faɗinsu yakan kai santimita 3 ko ƙasa da haka kaɗan. Namijin shuɗi ne mai sirkin shunayya. Macen ta fi yin ruwan ƙasa, da ɗan shuɗi kusa da jikinta. Kowane fiffike na baya yana da wata 'yar siririyar jela kamar zare, da ɗigo biyu baƙaƙe a gindinta. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, wanda kuke cin karo da sunansa a darasin rabe-raben halittu, shi ya raɗa masa suna a shekarar 1767.

Na biyu shi ne Euchrysops malathana, mai launin toka-toka kamar hayaƙi, wanda shi ma tsutsarsa ke cin furen wake. Na uku, Zizeeria knysna, shi ne ƙaraminsu, faɗinsa kimanin santimita 2. Shi ne wanda kuke gani yana tashi dab da ƙasa a filin makaranta. Macensa na zuba ƙwai a kan ƙananan tsirrai irin su tsidau da dangin alayyafo. Wato tsidaun da ke soke ku a ƙafa, abincin 'ya'yan wani ne.

Shuɗin da babu baba a cikinsa

Ƙasar Maska ta daɗe da sanin auduga da saƙa da rini, kuma duk wanda ya taɓa zuwa marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga yadda baba ke mai da farin ƙyalle shuɗi. A can, launin yana cikin ruwan rinin ne, shi ke shiga zare ya zauna.

Na malam-buɗe-littafi daban yake. Idan ka taɓa fiffikensa za ka ga wata 'yar ƙura ta manne a yatsanka. A ƙarƙashin madubin ƙara girma na ɗakin gwaje-gwaje, wannan ƙura ɓamɓaroki ne ƙanana, dubbai, a jere kamar jinkar ɗaki, wani a kan wani. Kowane ɓamɓaroki yana da wasu siraran shimfiɗu da ramuka waɗanda ido ba ya iya gani. Hasken rana kuwa, kamar yadda kuka koya a darasin kimiyya, haɗakar launukan bakan gizo ne. Idan ya faɗa a kan waɗannan shimfiɗu, sai su maido da shuɗin zuwa idonmu fiye da sauran launukan. Irin haka ne ke faruwa a bayan faifan CD, da kan ruwan da man fetur ya zuba, da kuma gashin jelar ɗawisu. Shi ya sa shuɗin ke ƙaruwa ko ya dushe gwargwadon yadda malam ya karkata fiffikensa.

Kai biyu a jiki ɗaya

Ku koma kan jelar nan da ɗigo biyu baƙaƙe. Idan shuɗin wake ya sauka ya haɗe fukafukansa, ku lura da kyau: zai riƙa goga na baya da juna a hankali, sai 'yan jelolin su dinga motsi sama da ƙasa. Daga nesa jelolin sun yi kama da 'yan ƙahonnin da ke kansa, ɗigon kuma sun yi kama da idanu. Ƙadangare ko tsuntsu ko gizo-gizo, idan zai kai cafka, wajen kai yake nufa. Sai ya kai wa kan ƙarya, ya tsira da guntun fiffike a baki, malam kuma ya tashi ta ɗaya ɓangaren. Idan kuka ga wani yana yawo da gefen fiffikensa na baya a yage, mai yiwuwa ya taɓa sha da ƙyar ne ta wannan dabara.

Wata guda daga ƙwai zuwa fiffike

Masu shirin rubuta jarrabawar WAEC da NECO sun san matakai huɗu na cikakkiyar rikiɗa. A gonar wake ana iya ganinsu da ido.

Macen tana bin furannin da ba su buɗe ba tukuna, tana ajiye ƙwai ɗaya-ɗaya. Ƙwan fari ne mai sirkin kore, kewayayye, bai kai kan allura girma ba. Bayan 'yan kwanaki sai tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta huda furen ta shige ciki. Ba ta yi kama da gizaka ba. Gajera ce, mai faɗi, kore ko ruwan ƙasa, kanta a ɓoye a ƙarƙashin jiki. Tana cin cikin fure, idan ta girma ta koma kan ɗanyen kwanson wake, ta huda ta cinye ƙwayoyin da ke ciki. Idan biyu suka haɗu a fure ɗaya, babbar kan cinye ƙaramar. Wannan na cikin hikimar zuba ƙwan a warwatse.

Bayan mako biyu zuwa uku tana ci tana saɓa, sai ta daina cin abinci, ta nemi maɓoya a cikin busasshen ganye ko kwanso, fatarta ta taurare ta zama kamar ɗan ƙunshi. A cikin wannan ƙunshi ne jikin tsutsa ke rushewa, a sake gina shi da fukafukai da dogayen ƙafafu da bakin zuƙo ruwan fure. Bayan mako ɗaya zuwa biyu sai malam ya fasa ya fito. A yanayi mai ɗumi irin namu, duka tafiyar kimanin wata guda ce.

Cinikin tsutsa da tururuwa

Duk wanda ya taɓa duba waken da darɓa ta kama ya ga tururuwa tana hawa tana sauka a kansa. Zaƙin da darɓa ke fitarwa take sha. Tsutsar 'yan shuɗayen nan ita ma irin wannan ciniki take yi, har ma ta fi darɓa iya kasuwa. A bayanta, wajen ƙarshen jiki, akwai wata 'yar kafa da ke tsatso ruwa mai zaƙi. Tururuwa kan zo ta shafa ta da ƙahonninta, sai ɗigon ya fito ta shanye. Ladan da take biya shi ne gadi. Akwai wasu ƙananan ƙwari dangin zanzaro da ke zuba ƙwansu a jikin tsutsa, 'ya'yansu su cinye ta daga ciki. Idan tururuwa na kewaye da ita, ba sa samun sukunin sauka. Masana sun ƙiyasta cewa kashi uku cikin huɗu na nau'o'in wannan gida suna da wata alaƙa da tururuwa.

Shuɗin wake ba ya takura wa kansa. Idan ya samu tururuwa, madalla, idan bai samu ba ya yi rayuwarsa. Ba ya kuma zaɓen abinci sosai, kusan duk wani tsiro ɗan gidan wake ya ishe shi. Ga shi matafiyi. Ana samunsa a faɗin Afirka, da kudancin Turai, da Indiya, da Sin, har Ostareliya, kuma a wasu shekarun yakan tsallaka teku ya shiga Ingila. Mai irin wannan hali da wuya ya rasa wurin zama.

Akwai kuma wata ɗabi'a tasa da za ku iya gani da kanku. Mazan sukan taru a kan tudu ko saman dutse, kowa ya kama wuri yana kore ɗan'uwansa, matan da ke neman miji su hau can su same su. Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ba ta rasa irin waɗannan duwatsu da ke tsaye a tsakiyar gonaki ba. Saman dutse dandali ne a wurinsu.

Waɗanda suka maƙale a saman tsauni

Wasu danginsa kuwa ba ziyara suke kai wa tsauni ba, can ne gidansu, kuma ba su da wani.

Ƙa'idar ita ce, duk mita 1,000 da ka hau sama, zafi kan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Funtuwa tana kan kimanin mita 700 daga doron teku. Jos ta kai wajen mita 1,200, shi ya sa ake noman dankalin Turawa a can. Tsaunin Mambila a Jihar Taraba, inda garin Gembu yake kuma ake noman ganyen shayi, ya kai wajen mita 1,600. Ƙololuwar Chappal Waddi, wadda ta fi ko'ina tsawo a Najeriya, tana da mita 2,419, a cikin gandun dajin Gashaka-Gumti da ke kan iyaka da Kamaru.

A irin waɗannan wurare akwai ƙananan dazuzzuka masu sanyi da hazo, irin dajin Ngel Nyaki na Mambila, da tsirran da ba sa fitowa a ƙasa. Akwai kuma 'yan gidan malam-buɗe-littafin nan da suka saba da su. Ɗaya daga ciki shi ne Uranothauma frederikkae, wanda sai a 1993 masana suka raɗa masa suna, kuma ba a san shi a ko'ina ba sai dazuzzukan tsaunukan Najeriya da Kamaru. A wurinsa tsauni tsibiri ne, zafin da ke ƙasa kuma teku ne da ba ya iya tsallakawa. Idan aka sare dajin ko gobara ta cinye shi, ba shi da maƙwabcin da zai koma wurinsa.

Ɗumamar yanayi ma tana matsa wa irinsu. A tsaunukan Guadarrama na ƙasar Sifen, wani bincike da aka wallafa a 2005 ya nuna cewa cikin shekara 30, nau'o'i 16 na malam-buɗe-littafi sun janye daga gindin tsauni, iyakarsu ta ƙasa ta hau sama da fiye da mita 200. Tsauni kuwa tsukewa yake yi yayin da ake hawa. Wanda ya kai ƙololuwa, ina kuma zai je?

Baƙon da ya zama sarauniya

A tsaunukan Alps na Turai akwai wani ɗan shuɗi mai suna Phengaris rebeli, wanda ya wuce ciniki da tururuwa, ya koma yaudara. Tsutsarsa takan ci furen wani tsiro na 'yan makonni, sai ta saki jiki ta faɗo ƙasa. Jikinta na ɗauke da wari irin na 'ya'yan wata jar tururuwa. Ita tururuwa da wari take gane nata, don haka idan ta tsince ta sai ta ɗauka ɗiyarta ce ta ɓata, ta kinkime ta zuwa rami. A can za a yi ta ciyar da ita baki da baki har ta girma.

A 2009, Francesca Barbero ta Jami'ar Turin a Italiya da abokan aikinta suka sanya 'yan ƙananan na'urorin ɗaukar sauti suka saurari abin da ke gudana. Suka gano cewa tsutsar tana fitar da sauti mai kama da na sarauniyar gidan. Da aka kunna wa ma'aikatan tururuwa wannan sauti, sai suka taru suka tsaya gadi kamar yadda suke yi wa sarauniyarsu.

Kada ku ɗauka abin na Turai ne kawai. A Afirka akwai wani reshe mai suna Lepidochrysops, mai nau'o'i fiye da 100, wasu daga cikinsu a Najeriya. Tsutsarsu takan fara da cin furen tsirrai dangin ɗoɗɗoya, daga baya manyan tururuwa su ɗauke ta zuwa raminsu, inda take juyawa ta riƙa cin 'ya'yan masu gida. Kura ce da fatar akuya.

Amma wannan wayo yana da tsada. Mai rayuwa irin wannan sai ya samu tsiro guda takamaimai da tururuwa guda takamaimiya a wuri ɗaya. Ɗaya ya ɓace, shi ma ya ɓace.

Darasin da Ingila ta koya a makare

Haka ta faru da wani ɗan'uwansa a Ingila, Phengaris arion. Shekara da shekaru yawansa na raguwa. Mutane suka zargi masu kama shi suna tarawa don sha'awa, aka killace wuraren da yake, a wasu wuraren har da shinge. Bai hana komai ba. A 1979 aka tabbatar ya ƙare ƙaf a ƙasar.

Wani matashin masani, Jeremy Thomas, ya shafe shekaru a kan tudun da na ƙarshensu suke, yana bin tururuwa har raminta yana auna tsawon ciyawa. Ya gano cewa tsutsar takan fara cin furen tayim na daji, ɗan'uwan wanda ake sa wa dafa-duka, sannan ta shafe kimanin wata goma a cikin ramin tururuwa. Amma nau'in tururuwa guda ne tak ke raya ta yadda ya kamata, kuma wannan tururuwa tana bukatar ƙasa mai ɗumi, inda ciyawa take gajera rana na dukan ƙasa. A da, tumaki da shanu da zomaye ne ke kiwo suna rage ciyawar. Makiyaya suka rage kiwo a tuddan, wata annoba kuma ta kashe zomaye a shekarun 1950. Ciyawa ta ƙara 'yan santimitoci, ƙasa ta yi sanyi, tururuwar ta gushe, malam ya bi ta. Shingen da aka yi don kare shi ma ya hana dabbobi shiga kiwo, ya ƙara dagula lamarin. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Da aka fahimci haka, sai aka maido da kiwo, tururuwar ta dawo, aka ɗebo ƙwai da tsutsotsi daga Suwidin a farkon shekarun 1980 aka sake su. Yau yana rayuwa a wurare da dama a kudancin Ingila. Kyakkyawar niyya ta daɗe tana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai durƙusa ya duba.

Mu dawo gonar wake

Wani zai ce, to ai wannan malam ɓarawo ne, tunda tsutsarsa na cin wake. Gaskiya ne tana ci, kuma masana aikin gona sun lissafa ta cikin ƙwarin wake. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na bi mata, kuma a gidaje da yawa na yankinmu buhun wake shi ne kuɗin makaranta. Ba abin wasa ba ne.

Sai dai babban mai laifi wani ne daban. Ita ce tsutsar Maruca, ɗiyar wani faɗa-wuta mai yawo da dare. Ita ce ke saƙa zare kamar yanar gizo-gizo ta haɗe fure da ganye da kwanso, ta bar kashinta a bakin ramin da ta huda. Idan ta yi yawa takan lalata har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Saboda ita ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, ta fitar da irin waken SAMPEA 20-T a 2019, wanda aka sarrafa don ya jure mata, da nufin rage yawan feshi. Bayan ita akwai darɓa, da wasu mitsi-mitsin ƙwari da ke sa fure zubewa, da masu tsotse kwanso. A mafi yawan lokuta, ɓarnar ɗan shuɗin nan ba ta kama ƙafar tasu ba.

Matsalar ita ce maganin feshi ba ya tambayar suna. Idan aka fesa da tsakar rana, fure a buɗe, yakan kashe ƙudan zuma da ke yi wa kabewa da kankana da riɗi barbara, ya kashe gizo-gizo da dangin zanzaron da ke cin tsutsotsin da manomi ke yaƙa. Idan aka zarce da feshin kashe ciyawa har bakin hanya da kan iyakar gona, an share tsirran da waɗannan halittu ke fakewa a cikinsu bayan girbi. Kuɗi sun tafi, lafiyar mai feshi na cikin haɗari, masu taimakon kyauta kuma sun mutu.

A nan ne ɗalibi ke da amfani a gidansu. Wanda ya iya buɗe furen wake ashirin ya ƙidaya nawa ne ke da tsutsa, ya kuma bambance doguwar tsutsar Maruca mai ɗigo-ɗigo baƙi da gajerar tsutsar malam, zai iya gaya wa mahaifinsa abin da ke cikin gonar, su kai wa malamin gona bayani kafin a sayi magani. Idan feshin ya zama dole, a yi shi da yamma lokacin da ƙudan zuma suka koma gida, kuma babba ne zai yi, da kariya a hanci da hannu. Feshi ba aikin yara ba ne.

Aikin wannan zango

Littafin da masana suka fi dogara da shi a kan malam-buɗe-littafin yankinmu shi ne wanda Torben Larsen, ɗan ƙasar Denmak, ya wallafa a 2005, inda ya tattaro nau'o'i kusan 1,500 na Afirka ta Yamma. Najeriya kaɗai tana da fiye da 1,000. An fi yin binciken a dazuzzukan kudu, irin na Kuros Riba. Saboda haka duk bayanin da aka rubuta da kyau daga Maska ko Bakori ko Ƙafur ko Ɗandume yana da daraja. Ga yadda za ku fara, ku da malaminku na ilimin halittu:

1. Ku ware littafi guda. Ku zaɓi hanya ɗaya mai tsawon taku 200 a harabar makaranta ko gefen gonar da ke kusa da gida.

2. Sau ɗaya a mako, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 12 na rana, ku bi hanyar a hankali. Ku rubuta kwanan wata, yanayin gari, yawan 'yan shuɗayen da kuka gani, da tsiron da suka sauka a kai. Ku rubuta sunan tsiron da Hausa. Idan ba ku sani ba, ku tambayi kakanninku, sun fi littafi sanin wannan.

3. Ku zana abin da kuka gani, musamman bayan fiffike idan ya haɗe, domin a nan ake bambance nau'o'i. Akwai jela ko babu? Ɗigo nawa ne? Idan akwai waya a gida, ku ɗauki hoto. Malaminku zai iya ɗora shi a manhajar iNaturalist, inda masana daga ƙasashe daban-daban ke taimakawa wajen gano suna.

4. Idan kun samu fure mai tsutsa, ku sa shi a kwalba mai tsabta, ku rufe bakin da ƙyalle, ku riƙa sauya mata sabon fure kullum. Tsutsa ɗaya a kwalba ɗaya, kun dai ji halinsu. Ku rubuta ranar da ta daina ci da ranar da ta fito. Faɗa-wuta ne ya fito ko malam? Idan malam ne, ku sake shi.

5. Ku lura da abin da ke faruwa da lissafinku a makon da aka yi feshi a kusa, da bayan girbi, da lokacin hunturu.

Kada kowa ya tafi shi kaɗai, kada a shiga gonar mutane ba izini, kada a yi nisa da gari. Hawan dutse kuwa sai da yardar iyaye da rakiyar malami, a kuma wurin da manya suka tabbatar lafiya lau ne.

Duk ajin da ya cika mako takwas yana wannan lissafi, ya aiko mana da sakamakonsa da zane-zanensa, tare da sunan makaranta. Za mu buga waɗanda suka fi tsari a wannan shafi. Wake dai ya riga ya fara fure, kuma ba zai jira kowa ba.